Ranar da na dafa akuyata

Bazara ce, a shekara ta biyu da ruwa ya ƙi mu. Daminar farko gero ya fid da kai ya bushe a tsaye, ta biyun kuwa ko gwiwa bai kai ba. Garinmu ƙarami ne, gabas da Hamdara, kuma a da mutanensa ba masu faɗa ba ne. Amma shekarar nan ta zo da zafin zuciya. Na ga maza biyu da suka yi kaciya tare suna dambe a bakin rijiya kan guga ɗaya, har ɗaya ya cije wa ɗaya kunne. Ungulaye sun ƙoshi da mushe har tashi yana yi musu wuya. Anza muke ci, wadda sai ta kwana da kwanaki a ruwa ana zubar da ɗacinta kafin ta shiga baki.

Ina goyon ƴata ta huɗu, watanta biyar, sai nonona ya ƙafe. Na matsa har na yi ƙwalla, babu ko ɗigo. Abin da ya rage mana a gida akuya ce ja, mai tsagaggen kunnen hagu. Ɗanta ya mutu, amma tana ba da madara ludayi ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Da wannan yarinyar take rayuwa. In akuya ta ci, yarinya ta sha. In ba ta ci ba, shi ke nan.

A lokacin ba abin da ke da ɗanyen ganye sai gawo. Shi gawo haka Allah ya yi shi, da damina yake zubar da ganye, da rani yake fitarwa. Muna da guda babba a tsakiyar gonarmu, wanda mahaifin maigidana ya bari. Ƴaƴansa sun ƙare tun farkon zafi, sai dai a hau a saro reshe. To, sarar reshen ce aka hana. Wani furoje ya zo, wato shirin gwamnati da Anasara na kare itatuwa, aka bi gonaki ana shafa wa itatuwa jan fenti, aka ce duk wanda ke da fenti ya zama na gwamnati. Aka kafa wani shinge a gefen gari aka jera ƴan tsirrai a ciki, ana ba su ruwan da mu muke dambe a kansa.

Ina cikin matan da ke zuwa karatun manya a rumfar maigari bayan la'asar. Malamin da ke koya mana, wanda muke ce wa mushe, daga Zinder aka turo shi, mutum ne mai haƙuri, yana da rediyo. Shi ya faɗa mana cewa a ƙasashen Anasara ana ta zama ana gardama a kanmu. Wasu sun ce mu muka jawo hamada da gatarinmu da murhunmu, don haka kada a ba da taimako sai an daina sare itace. Shi ne kuma ya koya mana ginin murhun laka mai rufaffen ciki, wanda ba ya cin itace da yawa. Ni na fara gina shi a garin, kuma gaskiya murhun yana da kyau, itace uku sun ishe ni dafa abin da a da sai na ƙona dami.

A bayan gari akwai Buzaye da fari ya koro daga arewa, sun kafa bukkokin tabarma. A makon nan aka binne jaririn wata daga cikinsu. Ba wadda ta je gaisuwa daga cikinmu, har da ni, don muna cewa su ne da sarar da suke yi suka jawo mana gardin daji, ma'aikatan gwamnati masu tsaron itatuwa.

Ran nan da hantsi muka je gona. Maigidana ya hau gawo da gatari, ni ina ƙasa ina tattara ganye da yarinya a baya, akuya tana ɗaure a saiwa tana ci da sauri. Ba mu ji motar ba sai da ta iso, don rairayi ya shanye ƙararta. Gardi uku ne. Babbansu gajere ne mai ƙiba, a shekarar da ba mai ƙiba.

Ya ɗaga kai ya ce, "Kai, biri! Sauko!"

Maigidana ya sauko a hankali, ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, gonata ce. Ubana ya bar shi."

"Ubanka ne ya shafa fentin?"

"A'a, ranka ya daɗe. Reshe biyu ne kawai, yarinya ce ba ta da..."

Bai ƙarasa ba aka buga masa gindin bindiga a baki. Na ga haƙori ya faɗi kan rairayi. Biyun suka kwance ɗamarunsu na fata masu kan ƙarfe, suka hau shi, baya da kai da haƙarƙari. Yana birgima cikin ƙayar rassan da ya saro, rigarsa ta yage, ƙaya ta shiga naman da ɗamara ta buɗe. Na durƙusa ina cewa, "Don Allah, don Annabi," ɗayansu ya ture ni da ƙafa, na faɗi ta gefe don kada in danne yarinya.

Babban ya ce su riƙe masa hannu. Suka shimfiɗa hannun dama a kan saiwar gawon. Ya ɗauki gatarin ya juya shi ya ce, "Tsofaffinku ba su gaya maka ba? Zamanin sarakunan Damagaram wanda ya taɓa gawo yanke hannunsa ake yi. Mu masu tausayi ne." Ya sauke masa ƙeyar gatarin sau biyu. Ƙarar kamar an taka busasshen kara. Maigidana bai yi ihu ba, iska kawai ya ja ya sume.

Suka ɗauki gatari, suka kwance akuya suka jefa ta bayan mota, wai shaida ce.

Ƙanin maigidana ne ya zo ya ɗauke shi a kafaɗa. Mutum ne magidanci, mai yawan wasa da ni, "matarmu" yake ce mini. Ranar ba wasa, ya kai shi ɗaka ya kwantar. Maɗori ya zo ya ɗaure hannun da kara, ya ce yatsu uku ba za su ƙara lanƙwasa ba.

Na tafi gidan maigari na durƙusa a zaure. Na ce, "Baba, yarinyar nan akuyar ce uwarta."

Ya ce, "Ƴata, na sani. Jibi manyan baƙi za su zo daga Yamai, har da Anasaran furoje. Bari su zo su tafi lafiya, ni da ƙafata zan je in karɓo miki ita. Kuma ke za ki dafa musu abinci a murhun nan naki, mushe ya ce naki ya fi na kowa."

Kwana biyu ina ɗura wa yarinya ruwan dusa. Tana sha tana amayarwa. Kukanta ya koma kamar na ɗan kyanwa, maɗigarta ta faɗa har ina iya sa yatsa a wurin.

Ranar baƙi aka share gari tun da safe. Aka ce masu ciwo su zauna a ɗaka, aka ja wa maigidana asabari. Ina hura wuta sai ga ɗaya daga cikin gardin nan da babbar tasa a kai, ya dire a gabana ya ce, "Madan mai murhu, ga aiki. A sa gishiri da kyau."

Nama ne, an feɗe an sassara. Ina juya shi don in wanke sai hannuna ya taɓa hantsa. Da na ɗaga ta, madara ta ɗigo a bayan hannuna. A ƙarƙashi ga kai, da kunnen hagu a tsage.

A wajenmu ba a barin baƙo ya tafi ba a yanka masa ba, kuma duk garin ba sauran dabba mai tsoka a jiki sai wadda ta ci gawo. Na duba wajen rumfa, maigari yana can yana gyara rawani, ya ƙi kallon inda nake. Na matse abin da ya rage a hantsar cikin ludayi, bai kai rabi ba, ga jini-jini a ciki. Na ba yarinya, ta shanye. Sannan na dafa. Na sa gishiri daidai.

Baƙin uku ne a kan kujeru: Anasara namiji dogo, Anasara mace mai gajeren gashi, da wani babban ma'aikaci ɗan ƙasa. Suka zo suka kewaye murhuna, suka ɗauki hoto, dogon ya tsuguna yana ƙirga itacen da ke ciki yana murna. Da suka zauna cin abinci gardama ta tashi tsakaninsu da Faransanci, har macen tana buga cokali a kwano. Mushe yana tsaye kusa da ni, na ce a hankali, "Mushe, naman ne bai yi ba?"

Ya ce, "Naman ya yi. Shi dogon yana cewa in ba a tsananta ba, nan da ƴan shekaru ba sauran itace a ƙasar nan. Ita tana cewa a majalisarsu ana faɗin bai kamata a ba gwamnatin soja taimako ba, tunda ba zaɓe, kuma sun ji ana dukan talakawa. Namu kuma ya ce musu, dutsen da suke haƙa a arewacinmu shi ke kunna fitilunsu, yanzu kuma sun zo suna ƙirga mana itacen girki."

Sai macen ta taso ta zo gabana. Ta duba yarinyar da ke bayana, fuskarta ta canza. Ta yi magana, mushe ya juya mini: "Tana tambaya, tun da aka hana sarar itace, akwai wanda aka matsa wa a garin nan? An taɓa dukan wani? Ta ce kada ki ji tsoro."

Mushe ya dube ni, idonsa yana cewa faɗi. Babban gardi yana tsaye a bayanta yana sakace haƙori. Amma wallahi ba shi ya rufe mini baki ba. Matar nan akwai maiƙon abincina a leɓenta. Tun ina ƙarama aka koya mini ba a kai wa baƙo kuka yana kan cin abincinka, ba a tona asirin gari a gaban wanda zai tafi. Ɗakin da maigidana ke kwance bai fi taku goma daga inda take ba. Da na ɗaga asabari kawai, ya isa.

Na sunkuyar da kai na ce, "Lafiya lau muke. Sai godiya."

Ta rubuta a takardarta. Ni da na fara iya karatu a lokacin, na tsaya ina kallon alƙalaminta yana tafiya da maganata.

Aka ba ni rabon mai dahuwa, cinya guda da romo. Na rufe a ƙwarya na rataye a ragaya, na kasa ko sunsunawa.

Motocin baƙi suka tashi da la'asar, gardi suka tsaya ɗaukar kujeru. Babbansu ya ce a kawo masa fatar akuyar. Ana miƙa masa ita ƙanin maigidana ya fito daga masallaci, ya ga jan gashin, ya gane ta. Ya dube ni ya ce, "Matarmu, wannan fa?" Sai ya juya ya zari taɓarya daga turmin maƙwabta.

Bugu ɗaya ya yi wa babban gardin a gefen kai. Mutumin ya zube, jini yana fita ta kunne, ƙafafunsa suna shure ƙasa. Na biyun ya harba bindiga, harsashi ya shiga cinyar ƙanin maigidana ya fita ta baya. Daga nan gari ya kwance. Maza da sanduna, mata da duwatsu, aka fasa gilashin motar, aka kama na ukun ana jan sa a ƙasa, maigari ya faɗa kansa yana rufe shi da babbar riga yana roƙo, har shi ma dutse ya tsaga masa goshi. Da ƙyar suka jefa babbansu a mota, suka ja ƙanin maigidana da ƙafa ɗaya tana jan ƙasa suka tura shi ciki, suka tafi. Mun yi shekara uku ba mu gan shi ba.

Mutane ba su huce ba. Suka karya shingen furoje suka tattake tsirran. Mata suka shiga gida-gida suna farfasa murhun laka da taɓarya. Maza suka bazu gonaki kafin magariba, kowa yana tumɓuke duk ɗan gawon da ya tsiro a gonarsa, don kada ya girma a shafa masa fenti a zo a karya hannun ɗansa a kai. Da matan suka zo kan nawa murhun na ce su bar shi, yana da zafi. Suka bari.

Da gari ya waye yarinya ba ta kuka ko kaɗan, ido kawai take buɗewa. Na ɗumama naman a murhun, na ba maigidana romo a baki, na ce, "Malam, zan fita." Ya ce, "Ina?" Na ce, "Gaisuwar mutuwa." Na goya ta, na ɗauki ƙwaryar a kai, na bi ta bayan gari. Ƴan gawon da aka tumɓuke suna zube a gefen hanya, sun fara yaushi.

Na tarar da Buzuwar da aka binne jaririnta zaune a ƙofar bukkarta, gaban rigarta ya jiƙe ya bushe ya yi tauri. Na yi sallama, na yi mata gaisuwar da ya kamata in yi tun mako guda. Hausarta kaɗan ce. Na ajiye ƙwaryar a gabanta na buɗe, na kwance goyona na ɗora mata a cinya. Ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta dube ni, ta ce, "Ba ku zo ba." Na ce, "Ba mu zo ba, ƴar'uwa." Ta ɗaga rigarta. Da farko yarinya ta kasa kamawa, matar ta matsa mata a leɓe, ta sake matsawa, sai na ga ɗan maƙogwaron ya motsa. Na zauna a ƙasa ina yayyaga naman ƙanana ina sa wa matar a baki, tana tauna, yarinya tana sha.