Maganin Da Na Sayar A Yangoji

Ni ɗan Kurudu ne, an haife ni tun inda kuke kira babban birni yana gonakin doya da dawa. Sunana ba zai amfane ku da komai ba. Kafin in lalace, yaro ne ni mai ladabi, wanda maƙwabta ke aike hankalinsu kwance.

Mahaifina tsohon soja ne. Ya dawo daga yaƙi jikinsa lafiya, amma kansa bai dawo daidai ba. Yakan yi kwana uku bai ce uffan ba. In aka yi tsawa, ko babbar mota ta wuce a hanyar Keffi, sai ya zabura ya ɗauki adda yana neman mutanen da babu su. Ina shekara tara nake gane ranar da abin zai tashi daga yadda ya riƙe ƙwaryar kunu. Innata ta gargaɗe ni kada in faɗa wa kowa, in an tambaya in ce zazzaɓi ne. Haka nake wuni ina murmushi ina cewa zazzaɓi ne.

A nan na koyi ƙarya ido bushe. Na fara da matan Fulani masu tallar nono, in ce Inna ta aiko ni, in sha in gudu. Daga nan sai ƙwai, sai kaza. Na kuma lura da wani abu: duk mai magani da ya ratso garinmu, Inna sai ta saya. In bai yi aiki ba, ba ta kai ƙara, don kai ƙara tona asirin gida ne. Da mahaifina ya rasu na koma Masaka, wannan sana'ar na kama.

Toka nake haɗawa da garin saiwa, in barbaɗa zaƙami, tsiron nan mai gusar da hankali. Maras lafiya ya sha ya yi laƙwas, iyalinsa su ce magani ya karɓe shi. Ba na tambayar inda masu ciwon suke. Yara nake kallo. Yaron da ba ya shiga wasa, mai cin farce, mai firgita in an tari, shi nake bi har gida.

Wata rana a Yangoji na ga yarinya 'yar kimanin shekara goma a bakin rafi. Tulun wata mata ya faɗi ya fashe, sai ta durƙusa ta rufe kai da hannu biyu. Na bi ta har gida. Zan kira ta Talatu. Uwarta ta gaji ta koma garinsu, ta bar ta da uba mai taɓin hankali. Ita ke girki, ita ke tsaronsa, gwaggonta na leƙowa jefi-jefi. Gwaggon ta ba ni akuya, na ba Talatu ƙullin magani na ce ta riƙa zuba masa a kunu safe da yamma. Ina sauri a ranar, na zuba zaƙamin ya wuce kima, na kuma sani.

Har na juya ta ce, “Malam, in na ba shi zai gane ni?”

Na ce zai gane ki. Na ja akuyata na tafi.

Kwana huɗu bayan nan 'yan doka suka kama ni a kasuwar Kwali. Ashe mahaifin Talatu ya sha kunun ya faɗa daji da gudu, an tsinci gawarsa a gefen rafi. Alƙali ya ɗaure ni shekara bakwai.

A gidan yari akwai wani tsohon fursuna da ke ja mana salla. Ranar da ya ga na kasa cin abinci ya zauna kusa da ni, ya tambayi gidan da na tashi. Shi ne mutum na farko da ya taɓa yi mini wannan tambayar, ina da shekara talatin. Na faɗa masa komai. Bai wanke ni ba. Ya ce Allah na karɓar tuba, amma haƙƙin yarinyar nan sai na je da ƙafata.

Da aka sake ni na tafi Yangoji. Gwaggon ta so ta kore ni, daga baya ta faɗa mini cewa Talatu ta yi shekara biyu da ƙyar take magana, kuma har yau ba ta yarda ta dafa wa kowa abinci. Su kuma dangi ba su taɓa tayar mata da zancen ba, don kada su fama mata ciwo.

Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa daga nesa, na ce ni na haɗa maganin, na san akwai guba a ciki, ita ba ta sani ba. Na ce ni na kashe mahaifinta, ba ita ba.

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Sannan ta ce, “Duk shekarun nan ina tsammanin ni ce na zuba da yawa.”

Ba ta ce ta yafe mini ba, ban kuma roƙa ba.

Ku yara, in gidanku akwai ciwo, ko shaye-shaye, ko faɗan da ba ya ƙarewa, kada ku haɗiye shi ku kaɗai. Ku nemi babba ɗaya mai amana, kawu ko malami ko maƙwabciya, ku faɗa masa. Kada wahalar gida ta zame muku hujjar cutar da wani, kamar yadda na mai da tawa. Ku manya kuma, ku zaunar da yaron ku faɗa masa gaskiya daidai da hankalinsa, ku saurari abin da yake tsammani. Irina ba su ƙare ba, kuma suna gane yaron da aka bari shi kaɗai tun daga bakin rafi.