Wayar da Ta Ƙi Karɓar Tsohuwar Manhaja

Da can ni mai gyaran waya ne a bakin tasha a Haɗeja, ina cin halak ɗina. Ɓarnar ta fara ne daga batir: in cire mai kyau a wayar mutum, in sa masa gwanjo. Daga nan ɓarayin kasuwar Kafin Hausa suka riƙa kawo mini wayoyi ina gogewa. A ƙarshe na ce me zai hana in sato da kaina?

Wani Alhaji mai fataucin kifi daga Kirikasamma ya ajiye wayarsa mai tsada a kan benci zai yi alwala, na yi gaba da ita. Na goge komai, sai ta tsaya tana neman lambar sirrin mai ita. Na ce bari in mayar mata da tsohuwar manhaja, wadda ake iya tsallake makullinta.

Nan na gamu da gamona! Duk sanda na ɗora, sai kwamfuta ta ce babu sa hannun kamfani. Na canja igiya, na aro kwamfuta, na zagi sabis, na zagi wayar har da wanda ya ƙera ta. Ko gezau.

Takaici ya sa na kai wa maigidana da ya koya mini aiki. Ya ce, "Kamfani ya daina amincewa da tsohuwar, ko shekara za ka yi ba za ta hau ba. Kai da na koya maka ba ka san haka ba? Wai ma me kake nema a tsohuwa?" Ya juya wayar, nan take ya gane ta. Ashe shi ya sa wa Alhaji gilashin wayar, sai ya tona mini asiri. Da ƙafata na kai kaina gidan yari, har yau abin yana ba ni haushi.

Da na fito na tuba, na je Kirikasamma neman gafara. Alhaji ya ce, "Na yafe, ɗana. Amma muryar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, a ciki take. Tunda kai gwani ne, za ka iya dawo mini da ita?"

Samari, ku bar wa mutane kayansu, tun daga kan batir. Alhaji ya daɗe yana kallona yana jiran amsa, ni kuwa na san da hannuna na goge muryar.