Ruwan da ke Ƙirjin Ɗana

A lokacin ina matar aure mai 'ya'ya biyu a wani ƙauye kusa da Cadawa, ina suyar ƙuli-ƙuli ina kaiwa kasuwa. Mijina ya tafi haƙar zinariya arewa, ya bar mu a hannun yayansa, wanda maganarsa ce doka a gidan.

Cikina na uku ya yi girman da ya wuce watanninsa, har numfashi yana mini wuya. Ungozomar da ke mana awo ta tura ni Maradi a yi mini hoton ciki. Likitan ya nuna mini wani baƙin wuri a allon na'ura, ya ce ruwa ne ya taru a ƙirjin yaron yana danne masa huhu. Ya ce kada in kuskura in haihu a gida, in dawo da wuri in zauna kusa da babban asibiti, don yana faɗowa za a iya buƙatar zuƙe ruwan kafin ya iya numfashi.

Da na gaya wa Yaya, dariya ya yi. Ya ce kowane ɗa a cikin ruwa yake kwance a ciki, masu na'ura dai ba su rasa abin tsorata mata. Ya ce ga girbin gero ya zo, wa zai dafa wa masu aiki? Na kira mijina a waya, ya ce in bi abin da Yaya ya ce. Har yau idan na tuna yadda suka yanke magana a kan cikina kamar suna cinikin akuya, raina tafasa yake.

A ɗakina na haihu. Yaron bai yi kuka ba sai wani gurnani, leɓunansa sun yi shuɗi, haƙarƙarinsa na lotsawa. Yaya ya ce ciwon awazu ne, ya aika a kira wanzami ya yi masa tsaga. Da na ga aska, na naɗe ɗana a zane na miƙe, jini na bin ƙafata.

“Yaya, wallahi sai dai a fara tsaga ni,” na ce masa.

Maƙwabciyarmu ce ta sa mijinta ya ɗaura amalanke ya kai mu ƙaramin asibitin garin, majo kuwa, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, yana ganin yaron ya sa mu a mota sai Maradi. Can suka soka masa siririn tiyo ta gefen ƙirji. Na ga ruwa rawaya yana gangarowa, na ga ƙirjinsa ya fara tashi daidai. Mun daɗe a kwance, amma ya rayu.

Muna asibiti aka yi suna a gida, aka raɗa wa yaron sunan Yaya. Yanzu a majalisa yana ba da labarin yadda ya tsaya tsayin daka har takwaransa ya warke. Ni ban taɓa kiran ɗana da sunan nan ba. Mutane sun ɗauka kunya ce, na bar su a haka.

Abin da na koya shi ne, wanda ba shi zai yi naƙuda ba, sauƙin cewa “babu komai” gare shi. 'Yan'uwana mata, idan likita ya ce ku haihu a asibiti, ku tafi tun ƙafarku na ɗaukarku. Ku kuma maza masu barin iyali a hannun wani, ku sani amanar da kuka bari har da ran wanda bai fito ba.