Fasinjan da Jirgin Paris Ya Bari

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuli na 1981, da hantsi, Allah ya karɓi ran Don Nicanor Etchepare a shagonsa na gyaran takalma da ke unguwarmu ta Cerro, nan Montevideo, yana da shekara saba'in da tara. 'Yarsa Amalia ce ta kai masa ruwan zafi, ta tarar da shi zaune a kujerarsa ta aiki, basilla a hannu, takalmin ƙwallo a cinya wanda bai gama ɗinkewa ba. Gumersindo mai kantin kusurwa ne ya bugo mini waya. Ko gaisuwa bai yi ba, cewa kawai ya yi, "Hilario, Fasinja ya tafi." Ya kife wayar.

Ni na laƙaba maka wannan suna na Fasinja, Don Nicanor. Yau kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai a duniya.

Shekara ashirin da biyu ke nan ina rubuta shafin tarihin ƙwallo a wannan jarida kowace Asabar. Masu karatu suna ɗauka a ɗakin littattafai nake samo labaran. Bari yau in faɗa musu gaskiya: fiye da rabi a shagonka na tsince su, ina zaune a kan akwatin ƙusoshi, ƙoƙon mate, shayin ganyen nan na ƙasarmu, yana zagayawa tsakaninmu. Kai ka ga gasar ƙasashen Kudancin Amurka da aka yi a garin nan a 1917, kana ɗan shekara sha biyar, ka hau bishiya ka kalla. Kai ka san mutanen da suka je Paris a 1924 suka ciwo gasar Olamfik tun ba su zama kowa ba: wannan mai sassaƙa dutse, wancan mai tallar ƙanƙara, wani mai sayar da kayan miya. Kana ba da labarin baƙar fatar nan ɗan wasan tsakiya da Faransawa suka haukace a kansa, sai ka ajiye basilla ka tashi kana kwatanta yadda yake karɓar ƙwallo, da wannan gwiwa taka mai ciwo. Wasan ƙarshe na kofin duniya na 1930 kuwa, na ji shi daga bakinka ya fi sau ɗari, ban taɓa ƙosawa ba. Yadda aka yi ta caje 'yan kallo a ƙofa. Yadda mu da 'yan Ajantina muka ƙi yarda da ƙwallon juna, sai da aka buga rabin farko da tasu, rabi na biyu da tamu. Yadda ɗan wasanmu mai dungun hannu ya sa kai ya ci ta huɗu.

Abin da ka fi so a duk tarihin shi ne zagayen fili. Ka ce ranar da namu suka ci gasa a Paris, jama'a suka ƙi daina tafi, sai 'yan wasan suka zagaya filin suna gaida kowane ɓangare. In ka ga 'yan wasan yanzu a talabijin suna sheƙa gudu da kofi, sai ka yi tsaki. "Su wa ke korarsu? Ba gudu ake yi ba, tafiya ake yi. Godiya ce, ba tsere ba."

Akwai tabo a goshinka, dogo, daidai inda gashi ya fara. Ka ce ƙwallon zamanin da ce ta yi maka shi, wadda ake ɗaure bakinta da tsirkiyar fata, in ta sha ruwan sama ta yi nauyi kamar kabewa, tsirkiyar kuma ta tsaga goshin duk wanda ya sa mata kai. Shi ya sa masu tsaron baya na lokacin suke sa farar hula. Mun yarda da tabon, tunda ga shi muna gani. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ƙarshen labarin, inda kake cewa, "Ni ma an kira ni wasannin gwaji. Saura mako guda na hau jirgin Paris." Mukan tambaye ka me ya hana, sai ka ce, "Ban hau ba dai." A unguwar nan kuwa kowane tsoho saura ƙiris ya je Paris. Shi ya sa na fara kiranka Fasinja, unguwa duka ta ɗauka, kai kuma kana murmushi.

Ba ni kaɗai na ci moriyarka ba. Shekara arba'in kana zana layukan filin unguwa da farar ƙasa kowace Lahadi da safe, ba wanda ya sa ka. Takalmin ɗan wasa ya yage ana tsakiyar wasa, kana bakin fili da basilla da zare, ba ka tambayar ko namu ne ko na baƙi. Gumersindo ya taɓa yi maka ihu, "Kai dattijo, abokin gaba kake yi wa ɗinki? Shi ya ci mu ɗazu!" Ka ce masa, "To da ƙafa ɗaya kake so mu rama?"

Da matata Delia ta rasu, na rufe ƙofa na daina magana da kowa. Kai kaɗai ka ƙi fahimtar cewa ba na son baƙi. Kowace safiya ka zo da ƙoƙonka da butar ruwan zafi, ka zauna a baranda, ka zuba ka miƙo mini, ba ka cewa komai. A mako na uku ka dubi sama ka ce, kamar da kanka kake magana, "Wasan nan na 1930, uku da biyu aka tashi ko?" Ban san lokacin da na daka maka tsawa ba. "Huɗu da biyu! Kana filin fa!" Ka ce, "Af. Ashe bakin yana nan." Ranar na yi kukan da na kasa yi a maƙabarta, kana zaune kana jira ruwa ya huce.

Ka yi mini wannan ne shekara uku bayan abin da na yi maka. Dole in rubuta shi a nan, tunda a shafin nan na aikata shi.

A watan Yuni na 1974 aka cika shekara hamsin da nasarar Paris. Na ce zan yi aiki irin na masana. Na shafe wata biyu ina buɗe tsofaffin jaridun 1923 da 1924, shafi bayan shafi, har idona ya yi ja. Na nemi sunan Etchepare a jerin waɗanda aka kira gwaji, ban gani ba. Na neme shi a ƙungiyoyin gari, manya da ƙanana, babu. Amma na ci karo da wani suna da ya ɗauki hankalina: N. Sagasti, mai tsaron baya a wata ƙaramar ƙungiya ta can ƙetaren ruwa daga unguwarmu, wadda ta daɗe da rushewa. Jaridun suna yabonsa, suna cewa ba a cin sa ta sama. Hotonsa ɗaya ne, ya dushe, farar hula kawai ake gani. An kira shi gwaji, ya yi fice, sai kuma sunansa ya ɓace a watan Maris na 1924, watan da jirgin ya tashi. Na rubuta shafi guda a kansa, na sa masa take "Ina Sagasti Ya Shiga?" Ban tsaya nan ba. Na ɗauko jaridar na kawo shagonka na karanta da ƙarfi a gaban Gumersindo da sauran 'yan hira, ina jin kaina.

Da na gama na ce, "Ka ji na gaske, Fasinja. Wannan shi jirgi ya bari. Kai kuwa na duba ko'ina, ko a cikin masu ɗaukar jaka ban gan ka ba."

Aka kwashe da dariya. Kai ba ka yi ba. Ka ce, "Ka duba da kyau, malamin takarda?"

Na ce, "Har da tabarau biyu."

"To ina kake jin ya shiga, shi Sagastin naka?"

"Wa ya sani? Ko ya mutu, ko ya bi mace."

Ka ce, "Wataƙila yana nan kusa yana shan mate."

Aka sake yin dariya, har da ni. Ranar ni ke zubawa. Ka zuƙe naka, ka miƙo mini ƙoƙon, ka ce, "Na gode." Kowa a ƙasar nan ya san wanda ya mayar da ƙoƙo ya ce na gode, ya ƙoshi ke nan, kada a sake zuba masa. Na ɗauka na ranar ne. Shekara bakwai ba ka sake karɓar mate daga hannuna ba. Kana zuba mini, kana gaishe ni, kana ba ni labarin kowa, amma labarin jirgi bai sake fitowa daga bakinka ba. Na lura, na ce rigimar tsufa ce, za ta wuce.

Ranar Laraba da safe na buɗe shafin sanarwar mutuwa don in ga lokacin jana'iza. Ga sunanka, cikakke, na uba da na uwa kamar yadda kowannenmu yake da su: Nicanor Etchepare Sagasti.

Ni ɗan ƙasar nan, mai suna biyu kamar kowa, na shekara ashirin ina zama a shagonka, ban taɓa tambayar sunan mahaifiyarka ba. Allon shago ya ce Etchepare, na tsaya a kan allo.

Na isa gidan, jaridar a hannu. Amalia ta dube ni ta dubi jaridar, ta ce, "Ka gani ke nan, Don Hilario."

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba, 'yar nan? Shekara bakwai!"

Ta ce, "Baba ya hana. Ya ce wanda sai ya ga takarda zai yarda da shi, ba shi zai kai masa takardar ba. Amma bara da ya yi ciwon ƙirji ya kira ni ya ce, in na mutu ki sa sunan uwata a sanarwa, kada 'yan jarida su yanke shi. Hilario mai karatu ne, zai gani."

Ita ta ba ni sauran. Mahaifinka mutum ne mai tsanani, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, yana cewa ƙwallo haukar Turawan Ingila ce, ɗansa ba zai yi ta ba. Sai ka shiga ƙungiya da sunan mahaifiyarka. Ita ta ɗinka maka farar hular, ita ke ɓoye takalmanka a bayan buhun gari. Saura mako guda jirgi ya tashi, kaya suka faɗo wa mahaifinka suka karya masa ƙafafu biyu. Ƙannenka biyar, kai ne babba, tafiyar kuma ta wata da watanni ce. Ka je tashar ranar da jirgin ya tashi, ka tsaya cikin masu rakiya ka ɗaga hannu tare da su. Daga nan ka kwashe iyali kuka ƙetaro Cerro, ka shiga aikin mayanka, daga baya ka buɗe shagon takalma, ba ka sake buga ƙwallo ba. Mahaifinka ya rayu shekara goma sha ɗaya a kan gado kana ɗawainiya da shi, ya rasu bai san ɗansa ya taɓa taka fili ba.

Ta buɗe aljihun teburin aikinka. Hular tana nan, ta koma rawaya, da wani duhun tabo a gaba. A ƙarƙashinta shafina ne na 1974, an yanke shi da almakashi a tsanake, ya yi laushi don yawan buɗewa da ninkewa.

Na roƙi Amalia abu ɗaya, ta yarda. Kafin mu wuce maƙabarta muka biya da kai filin unguwa. Sanyi ake yi, iska tana tasowa daga kogi, layukan da ka zana ranar Lahadi suna nan fari fat. Mu shida muka ɗauki akwatin, hular a kansa. Filin ba shi da wurin zaman 'yan kallo, amma mutanen unguwa sun jeru a jikin waya ta kowane ɓangare, har da 'yan ƙungiyoyin da ka yi wa ɗinki suna cin mu. Muka zagaya da kai ɓangare huɗu. Wani matashi a gaba ya fara sauri, Gumersindo ya ce masa cikin kuka, "A hankali, kai! Tafiya ake yi." Maza suka cire huluna, aka yi ta tafi har muka kai inda muka fara.

Ga masu karatu, ga gyara: tambayar da na yi a shafin nan shekara bakwai da suka wuce tana da amsa. Sagasti bai mutu a 1924 ba, bai kuma bi kowa ba. Ya zauna ya riƙe gidan ubansa. Yana gabana lokacin da nake tambayar, na kuwa yi masa dariya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Amalia da mijinta da 'ya'yansu, ga ƙanwarsa Doña Eulalia wadda ita kaɗai ta rage cikin biyar ɗin da ya yi rainonsu, ga Gumersindo da 'yan hirar shago, da duk wanda ya taɓa shiga fili da ɗinkin Don Nicanor a ƙafarsa. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Allah ya jiƙansa, ya yi masa rahama, ya yafe masa kurakuransa, ya saka masa da abin da ya bari saboda iyayensa da ƙannensa. Allah ya haɗa shi da mahaifiyarsa, wadda ya ɗauki sunanta ya shiga fili, ya kuma bar duniya da shi. Ni kuma Allah ya yafe mini, tunda wanda ya kamata in roƙa ya riga ya tafi.

Ƙoƙonka yana wurina, Don Nicanor, Amalia ta ba ni. Akwai abubuwa da yawa da ya kamata in gode maka a kansu. Amma ba zan ce maka na gode ba. Ka san abin da take nufi a wurinmu, ni kuwa ban ƙoshi ba.

Hilario Pintos Arbiza
Cerro, Montevideo