Ranar da Kirarin Kawu Ya Gurgunta Mini Ordinata

A shekarun da faifan sede, wato CD, ke tashe, ina da ɗan shago kusa da tashar Dogon Dutsi. Injin fotokofi ɗaya gare ni da ordinata ɗaya, wato kwamfuta, ta hannu ce na sawo daga Yamai. Rabin aikina naɗa wa mutane waƙoƙi da wa'azi da hotunan biki ne a faifai. A gaban ordinatar akwai aljihun nan da ke fitowa ya haɗiye faifai, wanda muke ce wa girabar. Minti huɗu yake naɗe faifai, ya tofo shi da ɗumi kamar ƙosai.

Wata Juma'a da hantsi sai ga kawuna, wan mahaifiyata, ya sauko daga motar Geceme. Ɗan kokowa ne a zamaninsa, har yau in zai shiga ƙofa sai ya karkata kafaɗa, ko da ƙofar ta isa raƙumi ya wuce. Bayan gaisuwa ya zaro faifai daga aljihu, tare da goro biyu da makullin rumbu.

"Ɗana, wanga kirarina ne," in ji shi. "Gobe sunan jikata. Guda ashirin nika so, kowane babban baƙo ya tahi da nashi. Motar la'asar za ni bi."

Wani mai gurmi ne ya yi masa waƙar tun yana saurayi, aka ɗauka a kaset, daga baya wani ya mayar masa faifai. Na juya bayan faifan na duba. Makullin rumbu ya yi masa zane kamar an yi shara a kansa.

Na ce, "Kawu, guda ashirin ai kafin a kira sallar Juma'a mun gama."

Na saka shi don in kwashe waƙar. Girabar ya yi gurnani ya tsaya, ya sake gurnani ya sake tsayawa, ya fi sau shida. Na goge faifan da gefen rigata, da ƙyar dai ya karanta. Sai na saka sabon faifai na danna. Koren layin da ke nuna tafiyar aiki ya leƙo daga gefe, ya tsaya yana kallona. Minti goma suka wuce bai kai rabin rabi ba.

"Mi ya hana ta tahiya?" kawu ya tambaya.

Na ce zafi ne. Na juya mata fanka, mu muka zauna muna gumi. Faifan farko ya fito bayan minti arba'in. Na ce to faifan ne ba shi da kyau, na fasa sabon kwali na masu tsada. Arba'in. Na naɗe auduga a tsinke na share idon girabar, na hura masa iska da baki, na kashe na kunna. Wannan karon arba'in da biyu.

Kawu ya matso ya kara kunne a jikin ƙarfen, ya daɗe yana saurare. Ya ɗago a hankali.

"Doguwa ta," ya ce, yana nufin aljana. "Mai gurmin nan ba shi kaɗai yaka waƙa ba, kowa ya sani. A samo turare."

Maƙwabcina mai sayar da takalma ya ji mu ta bango, ya shigo. Saurayi ne mai kirki, wandonsa bai taɓa sauka idon sawu ba, kuma ya daɗe yana mini nasiha kan waƙoƙin da nake naɗa. Ya gaida kawu da ladabi, sannan ya ce masa:

"Ba doguwa ba ce, Baba. Ƙarfen ne ya gaji da kiɗa. Na sha gaya masa."

Kawu ya ce ƙarfe bai san kiɗa ba. Maƙwabcina ya ce ƙarfen da bai san kiɗa ba ina ya san turare. Don in raba su na ce a gwada. Maƙwabcina ya zaɓi wa'azin da ya fi so, a kan haƙuri, na saka sabon faifai. Mu uku muka sa wa koren layin ido. Ya leƙo, ya tsaya daidai inda ya saba tsayawa. Kawu ya fasa goro ya miƙa wa maƙwabcina ɓari.

"Malam, ka gani, wa'azin ma shina rarrahe."

Muka je masallaci muka dawo, wa'azin bai daɗe da fitowa ba. Faifan kirari uku ne a hannun kawu, saura sha bakwai. Ya fara lissafa baƙin da zai hana da yatsu, yana kaiwa ga surukinsa sai ya sake daga farko.

Ana cikin haka wata mata ta tsaya da babur a ƙofa. Sakatariya ce a ɗaya daga ofisoshin gari, sabuwar zuwa, takan kawo mini takardu in injinsu ya tsaya. Hausarta da ɗan karin Zabarmanci. Tana jiran fotokofi ta ga fanka na hura ordinata, ga auduga, ga garwashin da kawu ya riga ya aro wajen mai shayi.

"Wa ba shi da lafiya?" ta ce.

Na ba ta labari a taƙaice, na bar batun doguwa, kawu ya cika mata shi. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni ko na saka faifai mai zane yau. Na nuna mata na kawu. Ta ce in tashi.

Ta zauna a kujerata, ta shiga wasu wurare a cikin ordinatar da ban taɓa sanin akwai su ba. Ta nuna mini wani layi da farce.

"In ta yi ta tuntuɓe a kan faifai mai zane, sai ta tsorata ta koma tafiyar hankali. Kuma ba ta komawa gudu da kanta, sai an goge mata abin da ta riƙe. Tamu ta ofis ta taɓa yi."

Ta goge layin, ta kashe, ta kunna. Na saka faifai. Girabar ya ɗauki ƙara irin ta injin niƙa, koren layin ya zura a guje. Minti huɗu.

Maƙwabcina ya ce, "Ikon Allah," ya koma wajen takalmansa. Kawu ya dubi faifan da ya fito. Ya miƙe, ya gyara hula, ya fita bakin titi inda ta ajiye babur. Ya buɗe ƙafafu, ya ɗaga hannun dama sama, ya buɗe murya ya shiga yi mata kirari. Ya kira ta mai ka da ƙarfe ba kokowa, ya kira ta ruwan farko na damina. Ƴan tasha suka fara taruwa, mai shayi ya bar butarsa a wuta. Baiwar Allah ta fito da takardunta a hammata tana cewa, "Baba, don Allah, ya isa," shi kuwa yanzu ya fara. Ta hau babur ta buga, ya ƙi tashi. Sai da ta tura shi da ƙafa har kwana, kawu na biye da ita da murya.

Mun gama sha bakwai ɗin ana kiran la'asar. Na rubuta wa kowane faifai suna da alƙalami, na ɗaure su da roba a cikin leda, na raka shi tasha. Direba ya so ya ɗora ledar a bisa tare da buhunan wake. Kawu ya ce sai dai a ɗora direban. Ya shiga gaba ya rungume ta a ƙirji, motar ta tashi.