Hannun Saje Audu da Sabuwar Kyamara

Aikin canza kwamfutocin nan ya ba mu wuya, ba sai na ɓoye muku ba. Ni masinja ne a ofishin fanshon 'yan mazan jiya da ke Garki, kuma ni na kwashe tsofaffin kwamfutocin nan zuwa sito. Har yau bayana bai yafe mini ba. Kwamfutoci ne da sai ka kunna, ka je ka yi sallah ka dawo, suna nan suna tunani. Wata rana ma sai su ce mai rai ya mutu.

Amma ranar da ba ta fita raina ba ita ce ranar ƙarshe ta tantancewa da sabuwar na'ura. Ga yadda tsarin yake: tsoho ya ɗora yatsa, in yatsa ya ƙi, kyamara ta ɗauki fuskarsa. Wanda duka biyun suka ƙi, sunansa ba zai shiga ba, fansho ya tsaya.

Sai ga Saje Audu daga Karshi, da tsohuwar hularsa ta soja. Shi ne tsohuwar kwamfuta ta taɓa kashewa, ya sha zirga-zirga kafin a yarda yana da rai. Ya ɗora yatsa, shiru. Fartanya ta cinye zanen yatsunsa kaf. Saura kyamara.

To ogan sashenmu, Manjo, yana zaune a bayan kyamarar da kakinsa, ya zuba wa allo ido. Saje na ganinsa ya ƙame, ya sara masa. Hannu a goshi, ya rufe rabin fuska. Na'ura ta nuna ja.

Madam Kemi mai kula da na'urar ta ce, "Baba, sauke hannu. Kyamara ba ya ganin ka."

Ko motsi bai yi ba. Ta sake gwadawa, ja. Gumi ya fara zubo wa tsoho. Ga sabis yana ɗaukewa yana dawowa, ga layi har bakin get. Na raɗa masa, "Saje, don Allah sauke, za su sake kashe ka fa." Ko kallona bai yi ba.

Daga cikin layi wani tsoho, Kofur Bitrus, ya ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, ka amsa masa mana! In ba ka amsa ba, wallahi Audu nan zai bushe, mu kuma mu kwana a layi!"

Manjo ya ɗago kai, sai lokacin ya gani. Ya miƙe zumbur, ya ƙame, ya sara. "Sauke, Saje."

Hannu ya sauka. Ƙit! Allo ya koma kore, ga sunansa, ga lambarsa, ga fuskarsa. Wurin ya ɓarke da ihu. Ni da ba na rawa, sai da na taka.

Bitrus ya ce, "Audu, ka tashi daga matattu!"

Saje ya ce, "Rufe mini baki, Kofur."

A nan na gane ana iya canza kwamfuta, amma ba a canza soja. Washegari akwai ragowar waɗanda aka ɗaga wa ƙafa. Da sassafe na ɗauki kujerar Manjo daga bayan kyamara, na kai ta bakin ƙofa, don kowa ya sara a amsa masa kafin ya shigo.