Ranar da Motar Babanmu Ta Yi Gyatsa

Shekara arba'in da ɗoriya Mai Lagireto ya yi yana liƙi a rumfa ɗaya bayan tashar mota, har sunansa na yanka ya ɓace. Ba ya taɓa inji. In an matsa masa sai ya ce, "Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni ruwa na sani."

Motar marigayi babanmu ce ta kai ni wurinsa. 'Yar ƙarama ce ja, kujera biyu, rufinta da kyar ya wuce ƙugun mutum. Injinta mai silinda shida yana bayan kujeru, gaban tayoyin baya, don nauyi ya zauna a tsakiya ta riƙe hanya a kwana. Da na dawo daga karatu na tayar da ita, amma ba ta minti goma sai allurar zafi ta haye ja. Kanikawa biyu suka ce inji ya ƙone. Yayana kuwa ya gaji, ya ce ranar Asabar masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su yanka ta.

Ranar Alhamis tsohon ya biyo ni gida, tsumma a kafaɗa. Ya durƙusa ya shafa ƙarƙashinta.

"Wa ya zuba mata ruwa?"

"Ni ne, Baba. Har sai da ya cika."

"Ya cika a ina? Duk bokon nan ba a koya maka shayar da mota ba?"

Ya nuna mini: lagireto yana can gaba, inji a tsakiya, bututu biyu da suka fi mutum tsawo ne suke haɗa su ta ƙasa. In aka zuba ruwa da garaje, iska takan maƙale a hanya, ruwan ya ƙi zagayawa.

"Babanka ma haka ya yi shekarar da aka haife ka. Gado ne."

Ya sa muka ɗaga gabanta da jak. Ya sassauta wani ɗan noti a saman lagireto, ya riƙa tsiyaya ruwa da buta, kaɗan-kaɗan. Shiru. Yayana na tsaye ya harɗe hannu. Can sai muka ji huci, kumfa ta biyo baya, sannan ruwa zalla.

"To, ta yi gyatsa," in ji tsohon. "Jariri ma sai an saɓa shi a kafaɗa. Tayar."

Na tayar, idona a kan allura. Minti goma, ashirin. Fanka ta kama, ta tsaya. Allura na tsakiya, ko gezau. 

Umma ta fito bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta daɗe tana sauraron ƙarar.

Yaya ya ciro waya. "Malam, batun Asabar ɗin nan, a bar shi."

Mai Lagireto yana goge hannu ya ce, "Tambaye su ko suna sayen kanikawa biyu."